Taswirar Ajinmu

Shekara talatin da ɗaya
ina nuna ta da tsinken dalbejiya
a aji uku, makarantar Tudun Jukun.
Ranar da na ajiye alli
shugaba ya ce, "Malam, ta tsufa, tafi da ita gidanka."

Na kafa ta a zaurena, nan Ƙofar Doka.
Gara ta cinye Madagaska,
ɗigon rufi ya wanke rabin Kwango.
Sudan kuwa guda ce a jikinta,
ni na raba ta da fensir,
hannuna na rawa kamar sabon mai yanka.

Yanzu ɗalibaina ke biya mini darasin.
Ladidi, da ba ta taɓa cin gwajin taswira ba,
ta aiko murya daga Kigali:
"Malam, titi tas, ko leda babu,
fitila ba ta ƙiftawa."
Sai ta sassauta, ta ce mai gidan hayarta
tana da hotuna bakwai a bango,
ba a tambayarta su wane ne.
Kullum da asuba sai ta goge su ɗaya ɗaya,
sannan ta saɓi fartanya ta fita shuka.

Barau ya tafi Khartum karatun likita.
Saura wata biyar ya gama
aka fara ruwan wuta.
Ya dawo da jaka ɗaya da tari,
yana awon hawan jini a wani kemis a Samaru.
In jirgin 'yan koyon tuƙi ya taso daga Palladan
sai ka ga ya duƙa bayan kanta,
can ya miƙe yana dariya,
ya ce, "Baba, miƙo hannunka."

Istifanus na Wusasa yana Akkara,
yana ɗora faranti mai shan rana bisa rufin mutane.
Ya ce kuɗinsu ma na zubewa kamar namu,
amma sun yi zaɓe, an ƙirga, an faɗa,
washegari kowa ya koma harka.

Shu'aibu fa?
Daga Agadas ya kira uwarsa, daren Laraba,
ya ce mota ta cika, gobe sai Libiya.
Damina uku ke nan.
Uwar takan zo zaurena ta ce in nuna mata wurin.
In ɗora yatsa kan rawayan fili,
ba suna, ba ɗigon gari.
Ta ce, "Ashe ma kusa ne, bai kai taƙi ɗaya ba."
Ban gyara mata ba.
Wane malami zai koya wa uwa ma'aunin nisa
alhali tana danne kuka?

Da can nakan sa yara su rera:
nan zinariya, nan koko, nan tagulla, nan mai.
Ban taɓa sa su tambayi wa ke haƙa ba,
balle wa ke ɗauka.

Mu ma nan ga mu.
Kubanni na jan shara zuwa inda ba mu sani ba,
gidan gurzar auduga ya zama masaukin jemagu,
ga kuma yara a bakin jami'a tun da duhu,
kowa da littafi a hammata,
kamar an yi musu alkawari,
kuma sun rantse sai an cika.

Jiya jikata Ummulkhairi ta dama ƙullun rogo,
ta yanko bangon kwalin sukari,
ta manna inda gara ta ci.
Madagaskarta ta fi ta gaske girma ninki biyu.
Ta ja layin dogo da jan biro
daga Zariya, ya ratsa rawayan filin nan,
ta yi tasha a tsakiya.
Na ce, "Nan ai babu gari."
Ta ce, "Na sani, Kaka.
Ba hawa za a yi ba, ɗauko wani za a yi,
a kawo shi gida ya sauka."